Taraktar Saji da Kwalbar Wanke Nozul

Ku samarin da kuke zama a bencin nan kuna jiran a gama muku gyara, ina jin hirarku. Wai sana'ar Malam Garba ta zo ƙarshe, tunda yanzu ga maganin wanke nozul a kwalba, mutum ya saya, ya juye a tanki, ya tayar da inji ya kama gabansa. Ban ce ƙarya kuka yi ba. Ni ma ina sayar da kwalbar, ga ta can a jere, kuma tana aiki. Sai dai akwai inda take tsayawa, kuma daga nan aikina yake farawa. Tunda yau babu cunkoso, ku gyara zama ku ji.

Injin gas ba shi da fulogi irin na babur ɗinku. Famfo ne yake turo mai da ƙarfi, nozul ya fesa shi cikin inji, zafin matsi ya kunna shi. Ramukan da suke bakin nozul sun fi ƙofar allurar ɗinki ƙanƙanta, kuma a cikinsa akwai wani siririn ƙarfe da muke kira allura, mai buɗewa da rufewa. Idan feshin ya fita lallausa, inji ya yi murya mai daɗi, ya sha mai kaɗan. Idan ya koma ɗiga, sai baƙin hayaƙi, da wuyar tashi, da rashin ƙarfi. Rayuwata kaf a kan wannan ɗan abin ta ƙare, kuma alhamdu lillahi, ya ci da ni, ya tufatar da iyalina.

A Kano na koyi aikin, a wajen wani dattijo, Malam Iro. Shagonsa ba irin garejin da kuka sani ba ne, inda baƙin mai yake malale a ƙasa. Shi kullum a share, an yayyafa ruwa don kada ƙura ta tashi, teburin aiki an lulluɓe shi da farin kwano yana sheƙi. Na daɗe a wajensa ban taɓa nozul ba. Aikina wanke faranti, tace gas da farin ƙyalle, da jera sifana bisa girmansu. Ranar da ya fara miƙo mini allura, na kai hannu zan kama ta a tsakiya, sai ya janye.

"Ta wutsiya ake kama ta," in ji shi. "Gumin yatsanka ya isa ya ɓata ta."

Ya nuna mini yadda ake gane an gama wanki. A tsoma allurar a gas mai tsabta, a mayar da ita gidanta, a ɗan jawo ta waje, a karkata, a saki. Idan ta zame da kanta a hankali har ta zauna, ta yi. Na yi nawa, ta tsaya a hanya, na ɗan taɓa ta da yatsa ta shige. Ina zaton bai gani ba. Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Garba, a cikin inji wa zai tura mata yatsa? Sake wankewa."

Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai injin gwaji, wanda yake da hannu da ake dannawa da agogo mai nuna ƙarfin matsi. Akwai bais na riƙe nozul, da burushin tagulla, don na ƙarfe yana karce baki, da siririyar waya ta zurara ramuka, da faranti biyu, ɗaya na wankin fari, ɗaya na ɗauraya. Injin gwajin nan da kuke gani shi ne wanda Malam Iro ya sallame ni da shi. Kuma kada wanda ya kuskura ya kai hannu ƙarƙashin feshinsa. A ido kamar tururi ne, amma yana huda fata ya shiga nama. Wani da muka yi koyo tare ya gwada da wasa, har yau ɗan yatsansa guntu ne.

Na dawo gida Rano a daidai lokacin da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, na kafa rumfar nan kusa da tasha. Aiki ya zo fiye da yadda na zata. Masu injin niƙa na ƙauyuka, masu manyan motocin da suke kai hatsi Kano, masu injin ban ruwa na noman rani, da masu janareto. 'Yan siyasa ma suka shiga raba injina ga ƙungiyoyin manoma, kuma duk injin da aka raba, ba ya daɗewa sai ya biyo ta hannuna.

Injin niƙan Hajiya Tabawa da ke Kibiya shi ne ya fara sa na buɗe kwalbar maganin nan. Wani ɗan kasuwa ne ya kawo mini ita daga Kano, ya ce sabon abu ne, yana wanke nozul ba a kwance ba. Na karɓa don kunya, na ajiye a lungu, don ni a lokacin ban yarda ruwa a kwalba zai yi abin da waya da burushi suke yi ba. Sai ga saƙon Hajiya ana gab da Sallah, wai injinta yana hayaƙi. Na hau babur na je. Na tarar da kwanuka da buhuna a jere tun daga bakin injin har waje, mata sun cika rumfar, hayaƙi ya baƙanta jinka, mai niƙan yana ta tari. Na saurari injin, na duba hayaƙin, na ce mata sai an kashe shi na tafi da nozul Rano na wanko.

Hajiya mace ce mai jiki da murya, ba ta ɓoye abin da ke ranta. Ta nuna mini layin kwanukan da haɓa.

"Malam Garba, ka ga waɗannan? Kowace da tuwon Sallarta a nan. Kai za ka tsaya ka gaya musu, ko ni?"

"Hajiya, in aka ci gaba a haka, injin zai iya lalacewa."

"To ka yi masa dabara ya kai mu Sallah. Bayan nan ka ɗauke shi gaba ɗaya ka kai shi Makka ma in ka so."

Na tuna kwalbar tana cikin jakata. Na gaya mata gaskiya, ban taɓa gwadawa ba, ban kuma ɗaukar mata alkawari ba. Ta ce a zuba. Tankin ƙarami ne, don haka ban juye duka ba, na auna da murfin kwalbar daidai yawan man da ke ciki. Na zauna a gindin bishiya, aka kawo mini fura, ina sha ina kallon bakin salansa. Ba wani abin da ya canja a ranar, sai na koma gida ina cewa a raina dama na sani.

Bayan 'yan kwanaki aka aiko mini injin ya mutu ɗungurungum. Na iso ina shirin shan faɗa. Amma mai niƙan ya tare ni da cewa kafin ya mutu hayaƙin ya washe, har muryarsa ta dawo. Na kwance filta, sai na gan ta cike da baƙin laka. Ashe maganin bai tsaya a nozul ba, ya kankaro duk dattin da ya daɗe manne a tanki da tiyo, ya tara a filta har mai ya kasa wucewa. Na sa sabuwa, na fitar da iska daga layin mai, aka juya hannu, inji ya kama. Bayan Sallah Hajiya ta cika maganarta, ta bar ni na kwance nozul ɗin. Na sa shi a injin gwaji, feshi ya fita tas, bakin nan babu ƙullin baƙi. Daga ranar na daina raina kwalba.

To amma ku riƙe abin da na koya. Maganin yana cire dauɗar da hayaƙi ya bari, in ba ta yi nisa ba. Ba ya mayar da ƙarfen da ya cinye. Allurar da ta yi tsatsa ko ta sake, ko kwali guda ka juye ba za ta dawo ba. Ba ya korar ruwa mai yawa daga tanki. Kuma duk wanda na sayar wa, sai na haɗa masa da filta, na kuma gaya masa yawan man da kwalba ɗaya take ɗauka. Da yawa suna cewa to, su fita su manta.

Sai shekarar da gas ya yi wuya. Ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a ba, ko'ina ka zauna zancen mudu da ma'auni da haramcin algus ake yi, a masallaci da kasuwa. Gidajen mai suka rufe, wanda ya buɗe layi ya kai inda ido ba ya gani. Kowa ya koma wajen 'yan bumburutu, kuma man da yake iso mana ya riga ya bi ta hannaye da yawa. Ana haɗa shi da kananzir. Ku sani, gas yana da santsi, kuma da santsin nan famfo da allura suke rayuwa. Kananzir busasshe ne, yana barin ƙarfe ya ci ƙarfe. A shekarar nan teburina bai taɓa zama babu tarin nozul ba, amma ba ta yi mini daɗi ba, don rabin abin da ake kawowa ya wuce gyara, kuma sababbi sun gagari talaka. Mutum ya zo da sa rai, ka ce masa sai dai haƙuri.

Taraktar ƙungiyar manoman ƙauyen Saji ita ce aikin da ba zan manta ba a wannan shekara. Tarakta ɗaya ce tal, gidaje masu yawa suka dogara da ita, har wasu sun sayar da shanun huɗarsu saboda ita. Shugaban ƙungiyar Malam Hudu ne, dattijo mai gaskiya amma mai saurin fushi. Direbanta Ɗanjuma, magidanci mai ƙwazo, wanda ya saba sayen kwalba a wajena. Ruwan shuka ya sauka, ƙasa ta jiƙa, an fara haro ke nan, tarakta ta yi tari ta mutu a tsakiyar gona.

Ko da na isa, na tarar da taron mutane a bakin gonar, ba kuma taraktar suka kewaye ba. Sale mai gas suka sa a tsakiya. Shi ne yake sayar wa ƙungiyar mai, yana da 'yan durorinsa a bakin titi nan Rano, mutum mai iyali da yawa, marar hayaniya. An je an taho da shi a kan babur, hularsa ma a hannu take. Malam Hudu yana nuna shi da sanda.

"Kai ka kashe mana tarakta! Ana wa'azi kullum a kan algus, kai kana zuba mana ruwa a mai. Wallahi sai mun tsaya gaban alƙali."

"Malam, ka ji tsoron Allah," in ji Sale. "Ban taɓa zuba ruwa a mai ba."

Wasu matasa suna cewa a je a kifar da durorinsa. Wani kuma daga baya ya ce ai maganin Malam Garba ne ya ƙona injin, shi ma a haɗa da shi. Na yi sallama, na ce su bar ni in duba mara lafiyar tukuna kafin a yi rabon laifi. Dagacin Saji ya iso a lokacin, ya ce kowa ya dakata, ba wanda zai taɓa kowa sai an ga abin da ke cikin tanki.

Na nemi kwalabe farare, aka kawo na lemo aka wanke aka shanya. Na kwance ƙasan tanki na tara. Abin da ya fara fitowa ma ba mai ba ne, ruwa ne ja, mai tsatsa. Na cika kwalba na ajiye a kan tayar tarakta, kowa yana gani ruwa ya kwanta a ƙasa, mai ya hau sama. Jama'a suka ɗauki salati. Sale ya durƙushe a wurin. Na shafa man a yatsuna, babu santsin kirki, ga warin kananzir, ga kuma wani wari mai kaifi da na sani sarai. Na juya wajen direba.

"Ɗanjuma, kwalba nawa ka zuba?"

Ya sunkuyar da kai. "Ta fara jan ƙafa ne, Malam. Na zuba ɗaya ba ta sake ba, na ƙara, na kuma ƙarawa."

"A rabin tanki?"

"Ko rabin bai kai ba."

Na ce to wannan ya kwaso dattin tanki ya cusa a filta, amma ba shi ya kawo ruwa ba. Dagaci ya ce a je a ga durorin Sale. Muka ɗunguma zuwa Rano, wasu a babur, wasu a bayan akori-kura. Sale da kansa ya zura tiyo har ƙasan duron da yake sayarwa, ya zuƙo, muka cika kwalba. Muka jira. Babu ruwa ko ɗigo. Kananzir kam akwai, na faɗa a gaban kowa, don ba zan ɓoye ba. Sale ya ce a yi masa adalci guda. Ya nuna wani duro da aka sauke masa, murfinsa da hatimin dalma ba a taɓa ba, ya ce dagaci ya fasa da hannunsa. Aka fasa, na shafa, na sansana. Irinsa ne sak. A haka ake kawo masa, shi ma cutarsa ake yi.

"To ruwan fa?" in ji dagaci. "Daga sama ya faɗo?"

Sai na tambayi Ɗanjuma ko kai tsaye daga wajen Sale yake cika tanki. Ya ce a'a, ƙungiya tana da nata duron, a gidan shugaba ake ajiye shi, daga nan yake ɗiba da jarka. Na ga fuskar Malam Hudu ta canja. Bai jira an ce a je ba, shi ya fara hawa babur.

Duron yana tsaye a bayan zaurensa, a jikin bango, daidai ƙarƙashin indararo. Murfin ya ɓata tun rani, an toshe bakin da tsumma da leda. Da rani ba komai. Amma ruwan farko da ya sauka, duk abin da rufin zauren ya tara a kan duron ya zuba. Malam Hudu ya zaro tsumman, ya matse shi, ruwa ya tsiyaya a ƙasa. Ya daɗe yana kallon hannunsa. Sannan ya shige gida. Dagaci ya sallami jama'a, ya ce da Sale ya tafi, ba shi da laifin ruwa. Sale ya tafi, amma magana ta riga ta zaga kasuwa, mutane suka ɗauke ƙafa daga wajensa.

Ni kuma aiki ya rage mini, ga ƙasa tana shan iska, kowa yana duban gabas. Muka sauke tanki muka wanke shi da ɗan gas mai kyau da nake ajiyewa don wanki, muka kife shi a rana. Na canja filta, na busa tiyo. Nozul huɗu na kawo nan teburin. Biyu dauɗa ce kawai, na jiƙa, na zurara ramukan, suka yi feshi. Na uku allurarsa ta kafe da tsatsa, na yi ta lallashinta da mai a hankali, ina juyawa ina ɗaurayewa, har ta yarda ta zame da kanta. Na huɗu bakinsa ya tsage, don ruwa in ya shiga wuri mai zafi haka yake yi. Wannan na samu madadinsa na hannu mai kyau a cikin ajiyata. Matsalar ita ce famfo. Da na buɗe shi na ga kananzir da ruwa sun haɗu sun karce cikinsa. Na aika Kano, aka ce babu irinsa a ƙasa, sai an yi oda, kuma kafin ya iso an gama shuka.

Malam Hudu ya zo rumfar nan da kansa, ya zauna a inda kuke zaune. Duk zafin nan ya tafi.

"Malam Garba, mutane sun ba ni amana, ga abin da na yi da ita. Akwai waɗanda ba su da ko saniya. In damina ta wuce su, da wane ido zan dube su?"

Na ce masa akwai tarakta irin tasu a Kibiya, ta wani Alhaji Maikano, giyarta ta fashe tun bara, tana tsaye a ƙofar gidansa kaji suna kwana a ƙarƙashi. Ni na taɓa yi wa famfonta aiki, na san lafiyarsa ƙalau. Sai dai Alhajin ba ya ba da aron ko fartanya. Malam Hudu ya ce mu je, in ya kore mu ma mun gwada.

Muka same shi a kan buzu a ƙofar gida. Muka gaisa, muka faɗi abin da ya kawo mu. Ya saurara har muka gama, sannan ya ce, "Ba na sayarwa ba ne."

"Aro muke nema, Alhaji."

"Aron famfo? Yau a cire famfo, gobe a cire taya, jibi in wayi gari da ƙarfe huɗu a ƙofar gida. Ku gaida mutanen Saji."

Muka yi sallama muka tashi. A hanya na ce bari in leƙa injin Hajiya Tabawa tunda na shigo gari. Tana ganina ta ce lafiya na yi wani iri. Na ba ta labari. Ta tafa hannu.

"Maikano? Ai yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ku biyo ni."

Ta yafa mayafi ta shige gaba, muna biye kamar 'ya'yanta. Ko zama ba ta yi ba.

"Yaya, ƙarfen nan da ya zama akurkin kaji, shi kake hana bayin Allah? Mutumin nan shi ya fitar da ni kunya da Sallah. In famfonka ya ɓata, ka zo ka kwance injina."

Alhaji ya yi ta gyaran murya yana gyara hula. Daga ƙarshe ya ce ya yarda, bisa sharaɗi biyu. Ni da hannuna zan cire, ni zan mayar, ba wani ba. Kuma in an gama da Saji, tarakta ta zo ta yi masa haro a fadamarsa. Malam Hudu ya ce ko ba a faɗa ba za a yi. Na kori kajin, na shimfiɗa buhu, na kwance famfon na naɗe shi a farin ƙyalle, Alhaji yana tsaye a kaina yana ƙirga kusoshi da ido.

Ɗaura famfo ba a yi masa gaggawa, don in saitinsa ya kauce kaɗan, inji ba zai tashi ba, ko ya tashi yana ƙwanƙwasa. Na daidaita alamomin, na ɗaure, na sa wa kowane nozul sabuwar wosha ta tagulla. Saura mai. Babu wani gas a garin sai irin na Sale, don haka na je wajensa da kaina. Na same shi zaune shi kaɗai, ba mai saye. Na ce ya zaɓo duron da ya daɗe a ajiye ba a motsa ba, mu ɗiba daga sama, mu tace da ƙyalle, in ƙara masa ɗan man inji mai tsabta don ya samu santsi. Ya ce, "Su za su karɓi man hannuna?" Na ce tarakta ba ta san hannun kowa ba. Ya tashi ya tace da kansa, ya ɗaura jarkokin a babur ɗinsa ya kai har gonar, ya sauke a nesa ya juya, bai tsaya gaisawa ba.

Muka fitar da iska, Ɗanjuma ya hau ya murza. Ta yi tari, ta tofar da farin hayaƙi, ta sake tari, sai ta kama. Na sa kunne a jikinta, duka huɗun suna bugawa daidai. Ɗanjuma ya sauke haro ya shiga gona, ƙasa tana juyewa baƙa a bayansa, balbelu suka taso suka bi shi. Mata daga gefen gonar suka rangaɗa guɗa. Shukar ta ɗan makara, amma ba wanda damina ta wuce, har Alhaji Maikano ya samu haronsa, na kuma mayar masa da famfonsa bayan na ƙungiya ya iso.

Ranar kasuwar Rano da ta biyo bayan tashin taraktar, ina nan ina aiki, sai na ga Malam Hudu ya wuce da babbar riga, dagaci da wasu dattawan Saji suna bayansa. Ya yafuto ni, na goge hannu na bi su. Wajen Sale suka nufa, a lokacin da titi ya fi cika. Sale ya gan su ya miƙe, yana zaton wata sabuwa ce. Malam Hudu ya cire takalmi, ya ɗaga murya yadda masu shayi da 'yan acaɓa da masu jiran mota za su ji.

"Jama'a, ku saurara. A gaban mutane na kira bawan Allahn nan mai algus, a gaban mutane zan janye. Ruwan da ya kashe taraktarmu daga gidana ya fito, sakacina ne. Malam Sale, ka yafe mini don Allah."

Sale ya dubi dattijon nan da ya haife shi a shekaru, tsaye ba takalmi a kan ƙasar da ta jiƙe da gas. Ya sunkuya ya ɗauko takalman ya ajiye masa a gaban ƙafa.

"Baba, sa takalminka. Na yafe duniya da lahira." Sannan ya ƙara da cewa, "Amma don Allah a ɗauke duron nan daga ƙarƙashin indararo."

Dariya ta ɓarke har da dagaci. Malam Hudu ya ce ai tuni ya koma cikin zaure, har sabon murfi an saya masa. Kafin mu bar wurin, wani mai injin niƙa daga Lausu ya matso da jarkarsa ya ajiye a gaban Sale, wani ya ajiye tasa a bayanta. Sale ya ɗauko mazurari, ya shimfiɗa farin ƙyalle a bakinsa, ya fara zubawa.